Awon tela da tsohuwar kwamfuta: yadda muka gina injin ces a Hawandawaki

A makarantun da na koyar da waɗanda na ziyarta tsakanin Tasawa da Mayahi, na sha tarar da kwamfuta ɗaya ko biyu a kulle cikin kabad, an naɗe su da leda, ƙura ta hau ledar. Idan ka tambayi dalili, amsar ba ta canzawa: sun tsufa, ba sa ɗaukar abin zamani. Na daɗe ina jin wannan magana, kuma a ganina rabinta ne gaskiya. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, manhajar da ake ƙoƙarin cusa mata ce aka yanka da awon wata. Hujjata a kan haka wani aiki ne da muka yi da ɗalibaina a nan Hawandawaki, inda muka gina injin wasan ces da kanmu daga rubutunsa na asali.

Bari in fara da wasan, don ba kowane uba ne ya san shi ba. Ces ita ce wadda wasu ke kira darar Turawa, ko da yake ba a Turai aka haife ta ba. Daga Indiya ta fito wajen ƙarni na 6, ta bi ta Farisa, Larabawa suka karɓe ta da sunan shaɗaranji, sannan ta ƙetara Turai. Allonta gida 64 ne, takwas sau takwas, kowane ɗan wasa kuma yana da ƴaƴa 16: sarki, sarauniya, dawaki biyu, giwaye biyu, hasumiya biyu da dakaru takwas. Yaron da ya tashi yana kallon dattawa suna buga dara a gindin bedi ba ya shan wahalar kama ta. Ba sai na faɗa muku ɗan da yaran Hawandawaki suka fi ƙauna ba, sunan garin ya riga ya faɗa.

Muna haɗuwa ranar Asabar da safe, yawancin yaran ƴan CM2 ne, sai wasu tsofaffin ɗalibaina da suka shiga kwaleji. Allonmu na farko kwali ne, ƴaƴan kuwa murafen kwalba da muka yi wa alama da biro. Cikin ƴan watanni, biyu daga cikin yaran suka fara cinye ni ba tare da wata doguwar gardama ba. Malamin da ɗalibinsa ya kamo shi, ko dai ya rufe wasan, ko ya nemo wa yaron wanda ya fi shi. Sai na shiga neman inji.

Injin ces manhaja ce da ake ba ta yadda ƴaƴa suke a kan allo, ta yi lissafi, ta faɗi tafiyar da ta fi kyau. Wadda ta fi suna a yau ita ce Stockfish. A 2008 aka fara fitar da ita, lokacin da Marco Costalba ɗan Italiya ya ɗora aikinsa a kan wata manhaja mai suna Glaurung ta Tord Romstad ɗan Norway, daga baya Joona Kiiski ɗan Finland ya shigo cikinsu. Ba a sayar da ita. Lasisinta mai suna GPL ya ba kowa damar ya karanta rubutun, ya gyara, ya raba, da sharaɗin ya bar wa na bayansa wannan damar. Tun 2013 suna da wani tsarin gwaji da suke kira Fishtest, inda mutane daga ƙasashe daban-daban ke ba da aron kwamfutocinsu a buga dubban wasanni kafin a yarda cewa wani gyara ya ƙara ƙarfi. Da na bayyana wa yara haka, ɗaya ya ce ashe Turawa ma suna gayya.

Kwamfutocinmu biyu ne, duka na ɗauka a jaka. Wadda ta fi tsufa tana da furosesa Core 2 Duo, irin wanda Intel ta fara fitarwa a 2006, ɗayar kuma Core i5 ce ta wajen 2012. Linux ne a kansu duka, domin ya fi sauƙin ɗauka ga tsohuwar na'ura. Wani matashi mai tura wa mutane finafinai da manhajoji ya sa mini Stockfish a filashi. Muka saka a ta farko, ba abin da ya fito sai kalmomi biyu na Turanci, Illegal instruction, wato umarnin da na'urar ba ta san shi ba. Muka saka a ta biyu, haka dai. Da na koma wurin matashin, sai ya ce, "Malam, ai waɗannan sun gama yayi, sai dai a sayi sabuwa."

Wata yarinya ƴar CM2 ce ta yi tambayar da ta buɗe mana hanya. Ta ce, "Mushe, wane umarni ne ba ta sani ba? Kuma wa ya ba ta shi?"

Amsar tana buƙatar a san abu biyu. Na farko, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana da iyakar kalmomin umarni da yake ganewa: tara wannan da wancan, kwatanta su, ɗauko daga nan, ajiye can. Duk sabon zubi da kamfani ya fitar yakan zo da ƙarin kalmomin da na baya bai sani ba. Na biyu, masu rubuta Stockfish ba da waɗannan kalmomi suke rubutu ba. Da harshen C++ suke yi, wanda mutum zai iya karantawa ya bi ma'anarsa. Tsakanin rubutunsu da furosesa akwai wata manhaja da ake kira kamfaila, ni kuwa a aji tafinta nake ce mata, domin aikinta ke nan. Tafintan da muka yi aiki da shi sunansa GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, shi ma kyauta ne.

Tafinta nagari kafin ya buɗe baki sai ya san wa zai fassara wa. Kwafin da aka ba mu an fassara shi ne don furosesan da ya san wani rukunin umarni mai suna AVX2, wanda ya fara zuwa a kwamfutocin Intel a 2013. Tamu ta biyu da shekara ɗaya kacal ta makara. Ba abin da ya lalace a jikinta, an dai yi mata magana da kalmar da aka ƙirƙira bayan haihuwarta.

Gaskiya ne masu Stockfish suna ajiye ginannun kwafi iri-iri a shafinsu, kamar yadda ɗan gwanjo ke rataye babbar riga da ƙarama. Amma kowane kwafi kuɗin intanet ɗinsa daban, ga neman inda sabis ke da ƙarfi. Rubutun asali kuwa kamar yadi ne, sau ɗaya za ka sayo, ka yanka wa kowace na'ura daidai jikinta. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Muka zaɓi yadi.

Aikin tela da awo yake farawa. A Linux akwai umarni mai suna lscpu, wanda ke jero dukan kalmomin da furosesa ya sani. Na raba yara gida biyu, kowane rukuni da kwamfutarsa da jerin sunayen da zai nema. Masu tsohuwar suka sami ssse3, ba su sami popcnt ba. Masu ta biyun suka sami sse4_1 da popcnt da avx, amma babu avx2. Daga nan sai mu shiga jakar da ake kira src cikin rubutun Stockfish, mu rubuta layi ɗaya. Ga na tsohuwar: make profile-build ARCH=x86-64-ssse3. Ga na ta biyun: make profile-build ARCH=x86-64-sse41-popcnt. Wanda zai gwada ya kula da abu biyu tun yana wurin da akwai intanet. Ya tabbata ya saka tafintan da manhajar make, sannan ya san cewa ginin yana sauko da wani babban fayil mai ƙarewa da nnue, mai nauyin gomman megabait. Sau ɗaya ake sauko da shi, a kwafa cikin jakar src ta kowace kwamfuta.

Fankar tsohuwar ta yi ta kuka, rubutu yana ta gudu a fuskarta, yara sun yi tsit. Da ta gama, muka kira injin, ya amsa da sunansa. Gani ya kori ji.

Da a nan muka tsaya, da mun sami abokin wasa kawai. Abin da ya fi daɗi shi ne tambayar da ta biyo baya: me tafintan yake yi da har ake cewa yana ƙara sauri? Na gano hanyoyi uku ne, kuma kowacce tana da misali a rayuwarmu.

Hanya ta farko ita ce gyaran da tafinta ke yi da kansa in an ba shi izini. Akwai matakai, daga wanda ba ya taɓa komai har zuwa wanda ake rubutawa -O3, kuma shi Stockfish ke amfani da shi. Idan rubutu ya ce a lissafa abu guda sau ɗari alhali amsar ba ta canzawa, tafinta sai ya lissafa sau ɗaya ya riƙe. Idan akwai ɗan ƙaramin aiki da ake ta aika saƙo a kira shi daga nesa, sai ya ɗauko shi ya dasa a wurin da ake buƙatarsa, a huta da zirga-zirga. Har yakan tattara fayilolin duka ya duba su a matsayin littafi ɗaya, maimakon shafi-shafi, don ya ga inda za a rage.

Hanya ta biyu ita ce awon da muka ɗauka. Allon ces gida 64 ne, furosesa na zamani kuma yana riƙe lamba mai gurbi 64, kowane gurbi 0 ne ko 1. Saboda haka lamba ɗaya tak ta isa ta nuna duk gidajen da fararen dakaru suke, 1 inda akwai, 0 inda babu. Injin yana yawan buƙatar ya ƙirga 1 nawa ne cikin irin wannan lamba. Furosesan da ya san popcnt da umarni ɗaya yake ƙirgawa. Wanda bai sani ba sai ya raba lambar kashi huɗu, ya duba kowane kashi a tebur, ya tara. Amsa ɗaya ce, tafiyar ce ta fi tsawo. Sannan tun daga Stockfish 12, wanda ya fito a watan Satumba na 2020, injin yana auna kyawun wasa da wani tsari mai suna NNUE, wanda wani ɗan Japan, Yu Nasu, ya ƙirƙiro a 2018 don darar ƙasarsu mai suna shogi. Aikin wannan tsari shi ne ninka ƙananan lambobi masu ɗimbin yawa da tara su. Tsofaffin umarni irin su ssse3 suna ɗaukar ƙananan lambobi 16 a tafiya ɗaya, AVX2 kuwa 32. Mai ɗebo ruwa da jarka ɗaya a ka da mai amalanke duk za su cika randa, amma ba lokaci ɗaya ba.

Hanya ta uku ita ce ta fi burge ni, kuma ita ce ma'anar kalmar profile-build da muka rubuta. Tafinta yana gina injin sau biyu. A ginin farko yana dasa masu ƙirga a kowace mararraba ta rubutun, sannan ya sa injin ya yi nazarin wasu wasanni da aka tanada. Masu ƙirgar suna rubuta wace hanya aka bi sau miliyan, wacce aka bi sau uku, wacce ba a taɓa takawa ba. Da wannan rahoto yake sake gini na biyu, ya jera hanyoyin da aka fi bi kusa da juna, ya tura waɗanda ba a cika bi ba can gefe. Tela mai hankali haka yake yi: ya yi ɗaurin farko, ya ce ka saka, ka ɗaga hannu, ka zauna, ya ga inda ta matse, sannan ya yi ɗinkin ƙarshe.

Don kada maganar ta tsaya a baki, sai muka gina injin sau uku a kan kwamfuta ɗaya: ba gyara sam, da gyaran tafinta, sannan da gini biyu. Stockfish yana da umarni mai suna bench, wanda ke nazarin wasanni iri ɗaya kowane lokaci, ya fitar da lambobi. Biyu ne suka dame mu: yawan yanayin allo da ya bincika, da yawan da yake bincikawa a daƙiƙa ɗaya. Na zana tebur a allon aji, yara suka cika. Lamba ta biyu tana hawa daga layi zuwa layi, babban tsalle tsakanin na farko da na biyu, ƙarami tsakanin na biyu da na uku. Lamba ta farko kuwa ba ta motsa ba ko da ɗaya, a dukan layuka ukun, har ma a ɗaya kwamfutar. Masu Stockfish da kansu da wannan lamba suke tabbatar da cewa gini bai ɓata komai ba. Tunanin injin bai canza ba, saurin isa gare shi ne ya canza.

Zafin bazara ma ya koya mana nasa darasin. Idan furosesa ya ɗau zafi yakan rage gudu don ya kare kansa, don haka awon da muka yi da rana tsaka ya fi na safe ƙasa. Yara suka fara gardama a kan wanda ya yi kuskuren kwafa. Sai muka tsayar da ƙa'ida: kowane gini a gwada shi sau biyar, da safe, a rufe sauran manhajoji, a fitar da matsakaici. Shekara da shekaru ina koyar da lissafin matsakaici, ban taɓa ganin yara suna rububin yin sa ba sai ranar.

Haka muka yi da ƙirgen tafiya. A farkon wasa fari yana da tafiya 20: dakaru takwas kowanne biyu, dawaki biyu kowanne biyu. Yara suka ƙirga da hannu. Baƙi ma 20 gare shi, don haka 400 ke nan bayan kowa ya taka sau ɗaya. Daga nan hannu ya gaza, muka tambayi injin: 8,902 a taku na uku, 197,281 a na huɗu, 4,865,609 a na biyar. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya gane dalilin da ya sa sauri ke da daraja.

Amma kada a ɗauka sauri ne komai. A watan Mayu na 1997, na'urar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a New York, tana duba kusan yanayi miliyan 200 a daƙiƙa. Tsohuwarmu ba ta kusanci wannan adadi ba ko a mafarki, duk da haka Stockfish da ke kanta ya fi Deep Blue iya wasa, domin ya fi sanin hanyoyin da ba su cancanci a bi ba. Ko ginin da ba a yi wa gyara ba ya isa ya cinye kowa a garin nan. Ribar saurin gare mu ita ce nazarin wasan yaro yana ƙarewa da wuri, kuma ga mai dogara da sola ɗaya da batir ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani dattijo cikin kwamitin iyayen yara ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ce, "Malam, wannan wasan naku zai ci wa yaro jarrabawa?" Na ce, "Baba, wasan ba zai ci masa ba. Amma jikanka ya karanta saƙon kuskure bai firgita ba, ya nemi dalili, ya auna sau biyar, ya kawo hujja. Wanda ya saba da haka, takardar jarrabawa ba za ta razana shi ba." Ya yi shiru, sannan ya ce in dai ba caca a ciki, a ci gaba. Na tabbatar masa babu.

Ga ƴan'uwana malamai kuwa, akwai abin da nake so mu duba. Kalmar manhaja da muke kiran waɗannan abubuwa da ita, asalinta tamu ce, manhajar karatu. Ana rubuta ta a Yamai, iri ɗaya ga ɗan birni da ɗan ƙauye, kuma haka ya dace. Mu ne tafintoci. A makarantar horar da malamai an koya mana shirya takardar darasi, amma takardar da ba a auna ta da yaran da ke gabanka ba, rigar gwanjo ce. Yaron da ya shigo CI da Hausa cike da bakinsa, aka tare shi da Faransanci tun ranar farko, ya yi shiru, me ya bambanta shi da kwamfutarmu da aka ce ta gama yayi? Kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma kundi ba ya shiga aji, malami ne ke shiga. A fara da sanin kalmomin da yaro ke da su. A gwada darasi, a lura da inda yara suka fi tuntuɓe, a sake shirya shi bisa abin da aka gani. Kuma a riƙe darasin teburin nan: lambar farko ba ta canzawa. Daidaita darasi da yaro ba ya nufin rage masa ilimi, abin da ɗan Yamai zai sani shi ɗan Hawandawaki zai sani.

Misalin yana da iyaka, kuma iyakar abin farin ciki ce. Core 2 Duo ba zai taɓa koyon popcnt ba har ya mutu. Yaro kuwa kullum ƙara kalma yake, wanda ka fassara wa bana shi zai fassara wa wani baɗi.

Iyaye masu wayar Android a gida su ma suna iya gwadawa, domin akwai manhaja mai suna Termux da ake gina Stockfish a cikinta, a rubuta ARCH=armv8 ga yawancin wayoyin yanzu. Babban yaro ɗan kwaleji zai iya, in aka ba shi wayar na awa ɗaya da ɗan haƙuri.

Yanzu yaran sun ɗauko wata magana da ban sa su ba. Ɗaya daga cikin ƴan kwalejin ya lura cewa darar gidanmu rami 30 ce, biyar sau shida, kowa da ƴaƴa 12, don haka lamba mai gurbi 32 ta ishe ta har da saura biyu. Suna so su rubuta injin dara, su kai shi gindin bedi ya kara da dattawa. Na ce musu sai sun fara zama wurin dattawan sun rubuta ƙa'idojin wasan ɗaya bayan ɗaya, domin tafinta ba ya fassara abin da ba a faɗa ba. Sun riga sun sayi littafin rubutu. Allah ya yi musu jagora, mu kuma ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.